Ɗan Amshi Ba Abin Raini Ba Ne

Idan Bahaushe ya so muzanta 'yan majalisar da ba sa iya ce wa gwamna a'a, sai ya kira su 'yan amshin Shata. Idan kuma mai bin bayan babba yana gyaɗa kai ne ya ba shi haushi, ya ce masa ɗan kanzagi. Daga wurin makaɗa aka aro kalmomin biyu, kuma duk sanda na ji su sai raina ya sosu, domin na tabbata wanda ya fara wannan habaici bai taɓa tsayuwar awa uku a bayan mawaƙi yana dakon gurbin da zai jefa muryarsa ba. Amshi sana'a ce mai wuyar koyo. Kanzagi ma, ƙaramar gangar nan da ke raka babba, sai an ɓata shekaru kafin hannu ya faɗa. Ni kuwa ban gane haka sosai ba sai ta hanyar waɗansu baƙaƙen fatar Amurka, a zauren kawuna a Sifawa.

Kawun nawa direban babbar mota ne, yana kai albasa da fatu Legas. A zamanin mulkin Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983, ya dawo daga wata tafiya da rediyo mai kaset da wani ɗan akwatin ƙarfe cike da kasa-kasai. Rabinsu namu ne: Ɗanƙwairo, Narambaɗa, Sa'idu Faru, Ɗan Anace. Sauran rabin kuwa masu hoton waɗansu baƙaƙe ne da tulin gashi, mutum huɗu ko biyar sanye da kaya iri ɗaya, sun jeru kafaɗa da kafaɗa. Turancinsa na tasha ne da shingen hanya, bai san abin da suke faɗi ba, bai kuma damu ya sani ba. Wani dare bayan lisha ya sa kaset ɗin The Temptations, ya ga na kasa kunne ga mai jan waƙar, sai ya taɓa ni ya ce, "Kai ɗana, bar sauraren wanga mai babbar murya. Saurari na baya. Su ka riƙe da waƙar, kamar ɗiyan Ɗanƙwairo." Na ce, "To Kawu, ai Turanci suke yi." Ya ce, "Amshi ba ya da Turanci."

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma na ga dalilin da ya sa kunnen mutumin Sifawa ya kama abin nan take. Garinmu garin karatu ne. A nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna wajen shekara biyar yana karantarwa yana rubutu, ƙanensa Malam Abdullahi na kusa da shi a Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Hukuncin kiɗa na bar wa malamai, su ne masu shi. Amma ko yaron da bai taɓa zuwa gindin ganga ba, a cikin amshi ya tashi. A makarantar allo malam ya biya, ɗalibai su karɓa. Makafi masu rera Imfiraji na Aliyu Namangi a bakin kasuwa, ɗaya na ja sauran na amsawa. A gayyar noma haka, a dandalin 'yan mata haka. Kunnen da aka rena a nan ya san cewa waƙa aikin mutum fiye da ɗaya ce.

Waƙar baka ta Hausa tana da gindi, tana da ɗiya. Gindi shi ne 'yan layukan da ake komawa gare su kullum, ɗiya kuwa rassan da jagora ke fitarwa ɗaya bayan ɗaya. Masu nazari irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun bi motsin 'yan amshi dalla-dalla. Akwai ƙari, inda jagora zai ɗauko magana ya kai ta rabi ya saki, su cafe su ƙarasa. Akwai rakiya, inda za su bi shi a rera tare. Akwai karɓeɓeniya, inda ake miƙa layi daga baki zuwa baki. A rukunin Mamman Shata, aikin 'yan amshi maimaita gindi ne ba ƙari ba ragi, daga nan habaicin ya samo tushe. To amma a gwada a gani. Shata nan take yake ƙirƙira, babu wanda ya san inda ɗa zai tsaya, wani layi biyu, wani goma sha biyar. Dole ɗan amshi ya karanci numfashin maigidansa, ya gane daga karkatar muryarsa cewa sauka ta zo. In ya yi gaggawa da ƙiftawar ido, ya taka maganar Shata. In ya yi jinkiri, rami ya buɗe a tsakiyar waƙa kowa ya ji shi. A cikin 'yan daƙiƙun amshin nan ne kuma Shata ke shaƙar iska yana ɗinka ɗa na gaba a zuci.

Makaɗan fada na ƙasarmu kuwa, kayan da suke ɗora wa 'yan amshinsu ya fi haka nauyi. Salihu Jankiɗi da ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku taushi, Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, Aliyu Ɗandawo haifaffen Shuni da ya zauna Yawuri, Sa'idu Faru na Sarkin Kudu Maccido, duk a gida ake zama a tsara waƙa a yi ta bita har ta zauna a bakin kowa. Ɗan amshinsu ya haddace waƙar sukutum, shi ke rera kusan rabinta, ga kotso rataye a hammata yana matsa tsarkiya yana sassautawa, yatsu na kan fata. Baki na wani aiki, hannu na wani, kunne na wajen maigida. Musa Ɗanƙwairo kansa shekaru ya yi yana amshi a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda da wansa Abdu Kurna kafin ya tsaya gaba, daga baya 'ya'yansa suka tsaya a bayansa har ya rasu a 1991. Duk wanda ya saurari yadda yake sakin magana a sama su kuma su tare ta kafin ta taɓa ƙasa, ya san wannan ba aikin masu gyaɗa kai ba ne.

Yanzu mu ƙetare teku. Kakannin mutanen da ke kan kasa-kasan kawuna daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya aka kwashe su a jiragen bayi, daga ƙabilu barkatai, don haka ba zan ce kiɗansu namu ne ba. Dangi ne dai na nesa. Bayan boren bayi na Stono a 1739, hukumar Karolina ta Kudu ta kafa doka a 1740 da ta hana bayi riƙe ganga da ƙaho, don tsoron kada su kira juna da su. Da aka ƙwace ganga, sai aikinta ya koma kan tafi da dire ƙafa da murya. A gonakin auduga ɗaya ya ɗaga saura su amsa, fartanyu na sauka tare. A coci mai wa'azi ya faɗa jama'a su karɓa. Tsakanin shekarun 1910 da 1970 baƙaƙe wajen miliyan shida suka bar kudancin Amurka zuwa manyan birane neman aikin masana'anta, suka tafi da al'adar a bakinsu. A shekarun 1950 irin su Ray Charles da Sam Cooke suka fito da salon daga coci suka yi waƙar duniya da shi. Shi aka kira sol, ma'ana ruhi.

Inda aka mai da amshi makaranta sosai shi ne Detroit, birnin ƙera motoci. Berry Gordy, tsohon ɗan dambe da ya taɓa aiki a masana'antar Ford, ya ranci dala 800 daga asusun danginsa a Janairun 1959 ya kafa kamfanin da ya zama Motown. Tunaninsa na mai haɗa mota ne: yaro ya shigo ta wannan ƙofa ɗanye, ya fita ta waccan a goge. Maurice King na koyar da haɗa murya, Cholly Atkins na koyar da taku, Maxine Powell na koyar da zama da tafiya da gaisuwa a gaban manya. Kowace Juma'a a zauna a saurari sababbin waƙoƙi, wadda ba ta ƙoshi ba a mayar da ita.

A nan ne suka sha bamban da namu, kuma bambancin ya cancanci a tsaya kansa. 'Yan amshinmu galibi layi ɗaya suke bi, murya ta hau kan murya ta yi kauri. Su kuwa raba muryoyin suke hawa-hawa kamar jerin tubali. A The Temptations na shekarun 1964 zuwa 1968, Melvin Franklin ne a ƙasa da murya kamar rugugin hadari daga nesa. Otis Williams da Paul Williams suna tsakiya. Eddie Kendricks na can sama da siririyar murya wadda baƙo zai rantse ta mace ce. David Ruffin na gaba da muryarsa mai kaushi. Kowannensu yana rera abin da ya saɓa da na kusa da shi, alhali kunnensa na jin na maƙwabcin yana jan sa. Sai ya kafe a kan nasa, sannan ya rage ƙarfinsa daidai yadda ba za a tsince shi shi kaɗai ba, domin in an ji muryar mutum ɗaya ta fito zaƙaƙa a cikin huɗu, haɗin ya lalace. Wanda ke tsakiya ya fi kowa shan wuya, don layinsa ba shi da daɗin rerawa shi kaɗai, kuma babu wanda zai taɓa yaba masa, sai dai in ya yi shiru a ji waƙar ta rame. Duk wannan fa mutum yana juyi, yana durƙusawa, yana miƙa hannu daidai da sauran. Cholly Atkins kan tsara takun ne bisa numfashi, yadda komai nisan juyin da aka yi, baki zai dawo gaban makirfo daidai lokacin da amshi ya zo.

A waƙarsu ta 1972, "Papa Was a Rollin' Stone", wadda ta kusa minti goma sha biyu a faifai, sai an yi kusan minti huɗu ana kiɗa kafin murya ta shigo, da ta shigo kuma mutum huɗu ne ke miƙa wa juna layi. Karɓeɓeniya ce tsantsa. Ita kawuna ya fi so, yakan ce tafiyar dare tsakanin Jega da Kwantagora ba ta da abokiya kamarta.

David Ruffin bai kai wannan lokaci a cikinsu ba. Da sunansa ya yi tashe sai ya nemi a riƙa rubuta shi daban a gaban na rukunin, ya fara ƙin zuwa bita da wasanni, suka sallame shi a 1968 suka ɗauko Dennis Edwards, tafiya ta ci gaba. Ni na fi jinjina wa Levi Stubbs na The Four Tops. Shi da Abdul Fakir da Renaldo Benson da Lawrence Payton sun haɗu suna samari a 1953, ba a canza ko mutum ɗaya ba har Payton ya rasu a 1997. Shekara arba'in da huɗu. An sha yi wa Stubbs tayin ya ware ko a ɗaga sunansa sama da na sauran, ya ƙi. Masu tsara musu waƙa kan ɗora ta sama da inda muryarsa ta saba, don ya riƙa miƙewa yana kamo ta kamar mai kuka, kuma abin da ke hana wannan kuka tarwatsewa shi ne shimfiɗar da ukun nan suka yi masa a ƙasa, wadda Payton ke tsarawa.

Sai The Pips, masu raka Gladys Knight: wanta Merald da 'yan uwanta William Guest da Edward Patten, rukunin da aka kafa a Atlanta a 1952. Amshinsu zance ne suke yi da ita, tana faɗi suna tanka mata, wani lokaci su riga ta, wani lokaci su tuna mata abin da ta bari. A 1977 an fito da su a wani shirin talabijin na Richard Pryor su uku kaɗai, aka haska makirfon Gladys babu kowa a gabansa, suka rera nasu kason kawai suna barin gurbinta. An shirya abin don raha, amma mai kunne ya ga darasi: kowane gurbi a aune yake, ko gashi bai goce ba. Abin lura kuma, da yawan rukunan nan 'yan gida ɗaya ne, The Isley Brothers, The Jackson 5, The Staple Singers, da 'yan uwa biyu Robert da Ronald Bell na Kool & the Gang, waɗanda suka musulunta. Muryoyin jini ɗaya sun fi saurin narkewa cikin juna, kuma gidan Ɗanƙwairo shaida ne.

Da salon kiɗan fank ya zo, sai amshin ya sauka daga baki ya koma hannu. James Brown ne ya buɗe ƙofar, daga 1965 zuwa 1967. A kiɗan da aka saba a lokacin, in an ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, a kan biyu da huɗu ake dira. Shi sai ya mayar da nauyin kan ɗaya. Kowa ya yi yawonsa a tsakani, amma idan ƙirga ta zagayo, dukan mutum goma sha wani abu su dira tare kamar guduma ɗaya. Sannan ya mai da kowane kayan kiɗa ganga. Jitar Jimmy Nolen ba ta rera komai, karta kawai take yi kamar kaza na tono. Masu busa, Maceo Parker da Fred Wesley da Pee Wee Ellis, su soka gajeren sauti su janye. Babbar jita mai gurnani ta kama 'yar jimla guda ta yi ta nanatawa minti goma.

Duk macen da ta taɓa lugude ta riga ta san sirrin. Mata uku a kan turmi ɗaya, kowace taɓarya da gurbinta. Wadda ta yi sauri ta fasa wa 'yar uwarta hannu, wadda ta yi nawa ta kashe daɗin. Gwanar cikinsu har ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, ba ta rasa gurbinta ba. Daɗin lugude a tsakanin bugun yake, a 'yan ramukan nan da kowace ke bar wa 'yar uwarta. Haka fank. Abin da ya fi wuya ga ƙwararren makaɗi shi ne ya iya abu ɗari a ce ya yi ɗaya tak, ya maimaita shi sau ɗari uku, na ƙarshe ya fito da rai kamar na farko. Masu gangunan Brown biyu, Clyde Stubblefield da John Starks da ake kira Jabo, sun kai maƙura a wannan. Hannun hagun Stubblefield kan yi waɗansu ƙananan taɓe-taɓe a kan fata tsakanin manyan bugu, da ƙyar kunne ke kama su, amma in aka cire su kiɗan ya zama gawa. Mai kanzagi zai gane wannan hannu tun daga nesa.

Brown mutum ne mai tsanani, kuma ba duk halinsa nake yabo ba. In makaɗi ya kuskure, yana cikin rawa zai juyo ya buɗa masa yatsu biyar, tarar dala biyar ke nan, har a kan takalmin da ba a goge ba. A watan Maris na 1970 yawancin makaɗansa suka juya masa baya a kan batun kuɗi, ya aika aka ɗauko waɗansu samari daga Cincinnati, cikinsu har da Bootsy Collins mai shekara 18 da wansa Catfish. Amma akwai mutum biyu da suka daɗe tare da shi, waɗanda Bahaushe zai gane matsayinsu ba sai an fassara masa ba. Bobby Byrd, wanda danginsa suka tsaya wa Brown aka sako shi daga gidan yari a 1952, shi ya kafa rukunin da ya zama The Famous Flames, ya shigar da Brown ciki, daga baya ya yarda ya koma baya ya zama babban ɗan amshinsa. Muryar nan da ke tanka wa Brown a "Sex Machine" ta 1970 tasa ce. Na biyu Danny Ray, mai fitowa kafin wasa ya jero kirarin maigida har jama'a su tsuma, in kuma Brown ya zube a gwiwa a ƙarshen wasa ya zo ya yafa masa alkyabba. Sanƙira ne sak, shekara fiye da arba'in yana wannan aiki.

A Disambar 1970 Brown ya zo Nijeriya da samarin nan na Cincinnati, kuma a Legas makaɗansa suka riƙa zuwa gidan rawar Fela suna kallon hannun Tony Allen a kan ganguna baki buɗe. A 6 ga Maris 1971 Wilson Pickett da The Staple Singers da Ike da Tina Turner suka yi babban wasa a babban birnin Gana, a Satumbar 1974 kuma Brown da The Spinners suka yi a Kinshasa gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman. Iskar ta kaɗo har Arewa. A Kaduna Bala Miller ya tara babban rukuni mai masu busa da jita yana waƙa da Hausa, Bongos Ikwue ma ya yi tashe da nasa. Ta wannan hanya ce kasa-kasan suka biyo manyan motoci har zauren kawuna.

Gadon da suka bari ya fi ƙarfin lissafi, sai dai rabon bai yi adalci ba. A 20 ga Nuwamba 1969, ana ɗaukar "Funky Drummer" a Cincinnati, Brown ya sa kowa ya yi shiru ya bar Stubblefield shi kaɗai na kimanin daƙiƙa ashirin. Waɗannan daƙiƙu ne masu waƙar gambarar zamani suka yanka suka ɗora waƙoƙi fiye da dubu a kansu, shi kuwa bai sami kaso daga cinikin ba, don sunansa ba ya cikin masu waƙar. Da ciwo ya kama shi, mawaƙi Prince ne ya biya masa kuɗin asibiti a ɓoye. Ya rasu a 2017. Makaɗan Motown da ake kira The Funk Brothers sun yi shekara fiye da goma a ɗakin ɗaukar waƙa ba a rubuta sunansu a bangon faifai ba, sai a 1971 Marvin Gaye ya sa aka rubuta. Gwarzonsu James Jamerson, wanda da yatsa ɗaya yake kaɗa babbar jita, ya rasu a 1983 yana da shekara 47, kamfanin ya riga ya koma Los Angeles tun 1972. Akwai mata uku, The Andantes, da suka yi amshi a dubban waƙoƙin kamfanin, har da na The Four Tops, mutane ƙalilan ne suka san fuskarsu. Gidan karrama mawaƙa na Cleveland ya shigar da James Brown a 1986 ya bar The Famous Flames a waje, bai gyara kuskuren ba sai 2012, shekara biyar bayan rasuwar Bobby Byrd.

Su dai ko ba komai sun gyara. An yi fim a kan The Funk Brothers a 2002, an rubuta littattafai, yaro a Japan zai iya gaya maka wanda ya buga ganga a waƙa kaza. Mu fa? Mutum nawa ne a Sakkwato yau zai iya lissafa 'yan amshin Jankiɗi, ko ya faɗi wanda ke riƙe da siririyar murya a bayan Narambaɗa? In ba wanda maigida ya ambata a cikin waƙa ba, sauran sun tafi da sunayensu. Yanzu kuma mawaƙi ɗaya ne ke shiga situdiyo, kwamfuta ta ba shi kiɗa, ya yi wa kansa amshi a ɗora murya kan murya. Akwai masu basira a cikin yaran nan, ina sauraren su. Amma kwamfuta ba ta karantar numfashi, ba ta jinkirta maka in ka gaji, ba ta zuga ka in ka yi sanyi. Abin da mutum shida ke yi idan suka shekara ashirin suna shaƙar iska tare, babu na'urar da ta iya shi.

Kawuna ya rasu, Allah ya jiƙansa, akwatin kasa-kasan na hannuna, waɗansu zaren ya tsinke. Tsofaffin da suka yi amshi da kanzagi a bukukuwa da gayya da fadar hakimai kuwa har yanzu akwai sauransu a Sifawa da Boɗinga da Shagari da Yabo, suna zaune a gindin bango ba mai tambayarsu komai. Ina roƙon ɗalibanmu na sashen Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da ma duk mai waya a aljihu, ya je ya gaishe su ya zauna. Ya tambayi kowanne cikakken sunansa da na maigidansa, da shekarun da ya yi a bayansa, da wanda ke tsayawa a damansa da hagunsa, sannan ya roƙe shi ya rera nasa kason shi kaɗai, a ɗauka a ajiye.